Bodin 1969, Injin Bana: Yadda Amurkawa Ke Sake Ƙera Motocin Iyayensu

A ranar Asabar ta uku ta watan Agustan kowace shekara, titin Woodward, wanda ya taso daga birnin Detroit ya nufi garin Pontiac a jihar Michigan, yakan cika ya batse da tsofaffin motoci. Masu shirya taron kan ce motocin suna kai wajen dubu 40, 'yan kallo kuma kusan miliyan guda. Ba tsere ake yi ba. Tafiyar hawainiya ce a tsawon kilomita kusan 26, a matsa kaɗan a tsaya, rana kuma tana dukan kwalta.

Kafin azahar an fara ganin waɗanda suka gaza. Ga mota can a gefen titi, bonet a ɗage, lagireto yana tururi, mai ita dattijo ne da furfura, ya naɗe hannu da tsumma yana jiran injin ya huce. Ga wata ta mutu a tsakiyar layi, zafi ya tafasa fetur a cikin kafireto, sai da aka tura ta. Waɗanda motarsu ba ta mutu ba sun sauke gilashi, riga ta manne musu a baya, ƙafar hagu ta gaji da taka kuloci mai tauri kamar dutse.

Sai wata Camaro ta zo wucewa. A ido ta 1969 ce, babu abin da ya bambanta ta da wadda ke tururi a gefe, in ban da tayoyinta sun fi faɗi kuma ta ɗan fi kwanciya ƙasa. Gilasanta a rufe suke ruf. Direban yana shan sanyin iyakwandishan, allurar zafin injin ba ta motsa daga inda take ba tun safe. Wanda ya san mota ya san abin da ya gani: fatar ce kawai ta 1969. Injin, giya, birki, sitiyari, wayoyi, har kujerar da mutumin ke zaune a kai, duk na wannan zamanin ne.

Amurkawa suna kiran irin wannan aikin restomod, kalmar da suka haɗa daga kalmomi biyu, ɗaya mai nufin mayar da abu yadda yake a da, ɗayar mai nufin sauya shi. A shekaru ashirin da suka wuce sana'ar ta tashi daga garejin bayan gida ta zama masana'anta mai kamfanoni da injiniyoyi da layin masu jira, ta kuma raba kan masoya tsofaffin motoci gida biyu.

Motoci masu ƙwanji

Sunan da Amurkawa suka ba wannan jinsin motocin yana nufin motoci masu ƙwanji, kuma sunan ya dace. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas, a cusa shi cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a sayar da ita a farashin da saurayi mai aikin masana'anta zai iya biya.

Galibi ana fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da ƙa'idar cikin gida da ta hana sa babban inji a matsakaitan motoci. John DeLorean da abokan aikinsa a sashen Pontiac suka zagaye ƙa'idar: ba su kira ta sabuwar mota ba, sai suka ce ƙari ne da mai sayen motar Tempest zai iya zaɓa idan ya biya kusan dala 300. Ƙarin shi ne inji mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325. An yi zaton za a sayar da 5,000. Aka sayar da sama da dubu 32.

A watan Afrilun wannan shekarar Ford ya fito da Mustang a kan farashin da bai kai dala 2,400 ba, kuma kafin shekara biyu an sayar da miliyan guda. Masu tsantseni za su ce Mustang da Camaro jinsinsu daban, sun fi ƙanƙanta, amma kasuwa ta daɗe da zuba su a kwando ɗaya. Daga nan kowa ya shigo: Dodge da Charger, Chevrolet da Camaro da Chevelle, Plymouth da Barracuda da Road Runner. Abin ya kai ƙololuwa a 1970, lokacin da Chevelle ta fito da inji mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450, Dodge da Plymouth kuma suna sayar da injin Hemi mai 425.

Ba a jima ba komai ya rushe. Kamfanonin inshora suka tsauwala wa matasa kuɗi. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, aka koma fetur marar dalma, ƙarfin injuna ya faɗi. A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka, layi ya bayyana a gidajen mai, motar da ke shan lita guda a kilomita huɗu ko biyar ta zama kaya a wuyan mai ita. Bayan 1971 an daina sa wancan injin Hemi a motocin titi. A 1974 aka rufe babin Barracuda da Challenger da GTO. Zamanin gaba ɗaya bai wuce shekara goma ba.

Abin da dattawa ba sa tunawa

Wanda ya tuƙa irin waɗannan motocin yana ɗan shekara 19 yana tuna ƙarar injin da yadda mota ke manna shi da kujera. Ba ya yawan tuna sauran.

GTO ta 1964 ta fito da birki mai ganga a duka ƙafafu huɗu, ƙanana, irin waɗanda ke kan Tempest ta kai yara makaranta. A taka su da ƙarfi sau biyu ko uku a jere, sun yi zafi sun saki. Tayoyin sirara ne, na tsohon yayi. Sitiyarin yana da wasa, a murɗa shi sai mota ta yi shawara kafin ta bi. A bayan Mustang da Camaro da Charger safirin ne mai falle-falle, irin na akori-kura. Mota ce da aka yi don ta miƙe daga wannan danja zuwa waccan. Kwana da tsayawa kuwa, sai addu'a.

Giyar ma ba a yi ta don doguwar tafiya ba. Uku ko huɗu ce idan ta hannu ce, biyu ko uku idan mai canza kanta ce, babu giyar hutu a sama. A babbar hanya injin yana juyi fiye da 3,000 a minti, yana ihu, yana shan mai, zafinsa yana hudowa ta ƙasan mota yana gasa ƙafar direba.

Hatta alƙaluman ƙarfin akwai ƙarin gishiri. Har zuwa 1971 ana auna inji ne a tuɓe a kan benci, ba salansa, ba fanka, ba abin da ke jan ƙarfinsa. Da aka koma auna shi yadda yake cikin mota a 1972, lambobin suka zube. Gaskiyar da ba a so a faɗa a gaban dattawan Woodward ita ce, Toyota Camry ta 'yan shekarun nan mai silinda shida, mai ƙarfin doki 301, za ta yi kafaɗa da kafaɗa da yawancin waɗancan motocin a gudu, ta kuma tsaya tun suna neman birki.

To wannan giɓin, tsakanin motar da ke cikin ƙwaƙwalwa da motar da ke cikin gareji, shi masu restomod ke cikewa da kuɗi.

Sai an tuɓe ta

Mai kawo mota yakan zo da maganar inji a baki. Mai gareji kuwa ƙasan mota yake fara dubawa, da tocila da sukudireba, yana tsokana.

Aikin yana farawa da wargaza komai. Ana cire gilashi, kujeru, dashbod, wayoyi, inji, ƙafafu, ana ɗaukar hoton kowane ƙulli, ana zuba noti-noti a leda a rubuta inda suka fito. Idan bodin ya zama fanko sai a ɗaure shi gaba da baya a jikin wani ƙarfe mai juyawa, kamar ragon da za a gasa, yadda mutum ɗaya zai iya kifa shi ya ga cikinsa. Daga nan a fesa masa yashi ko garin gilashi da ƙarfin iska, ko a tsoma shi a kwamin sinadari, har fenti da tsatsa su tafi, ƙarfe ya fito fari.

Ranar da bodi ya dawo daga wankin nan ita ce ranar tonon asiri. Motar da ta shigo tana sheƙi sai ta koma kamar rariya. A bayan taya, inda ake zaton ƙarfe ne, a tarar da fila mai kaurin yatsa da wani fanel-bita ya shafa shekara 40 da suka wuce. Ana samun ragar waya, ana samun tsohuwar lambar mota an buga ta da ƙusa an toshe ramin ƙasa. Kowace mota da inda take ruɓewa. Mustang ta farko tana tara ruwa da ganye a ƙarƙashin ragar da ke gaban gilashi, ruwan ya ci ƙarfen ya riƙa ɗiga a kan ƙafar direba har daɓen motar ya huje. Masu rufin leda a saman bodi suna ruɓewa a kewayen gilashin baya. Motocin jihohin arewa, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sun fi shan wahala. Shi ya sa bodin da ya yi rayuwarsa a busasshiyar ƙasa irin Arizona yake da tsada ko da ba inji a cikinsa.

A nan kuɗin ke tafiya, kuma a nan ba a ganinsa. Ana yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi waldar sabo. Sa'ar da aka yi, kusan kowane fallen bodin Camaro ko Mustang ana buga sabonsa a yau, sai dai ba ya zama daram, sai an yanka an ƙara an daddaka. Masana'antun Detroit na wancan lokacin ba su damu da daidaiton ƙofa da bonet ba, tazarar wannan gefen daban da ta wancan. Gareji mai ji da kansa zai ɓata makonni yana daidaita tazarar ta zama ɗaya ko'ina, kimanin milimita huɗu ko biyar. Sannan a shiga guga da hannu, a fesa, a goge, a sake fesawa, awa ɗaruruwa, kafin launi ya taɓa jikinta. Baƙin fenti ya fi kowanne tona aibi, don haka ya fi cin lokaci.

Inji a cikin akwati

Abin mamaki, inji shi ne sashen da ya fi sauƙi. Manyan kamfanonin uku, General Motors da Ford da Dodge, duk suna sayar da sabon inji a akwatin katako, da kwamfutarsa da wayoyinsa, a kawo wa mutum har ƙofar gareji.

Wanda ya mamaye kasuwar shi ne jinsin LS na General Motors, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997. Ƙarami ne a jiki, ga sauƙin nauyi, ga jure wuya, kayan gyaransa kuma ko'ina. Samfurin LS3 mai lita 6.2 yana ba da ƙarfin doki 430, na gaskiya ba na benci ba, kuma ya fi tsohon babban injin ƙarfe sauƙi da kusan kilo 100. Rage wannan nauyin daga hancin mota kaɗai yana gyara yadda take shan kwana. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya ma sayen sabo, filin 'yan gwangwan yake zuwa ya ciro mai lita 5.3 daga motar ɗaukar kaya da ta yi haɗari, ya wanke ya ɗora.

Ford yana da Coyote mai lita 5.0, wanda ya zo da Mustang ta 2011. Matsalarsa faɗi. Ba ya shiga ɗakin injin Mustang ta 1965 sai an yanke ginshiƙan da ke riƙe shokazoba, wato sai an sauya ƙafafun gaba gaba ɗaya. Wasu don gudun wannan wahalar sai su sa mata LS, abin da masoya Ford ke ɗauka cin fuska ne. Ƙabilancin kamfani a wannan duniyar ba wasa ba ne.

Dodge kuwa ba ya son a wuce shi a hayaniya. A 2017 ya fara sayar da injin Hellcat a akwati, mai ƙarfin doki 707. A bikin baje kolin SEMA na birnin Las Vegas a 2018 ya nuna wani mai 1,000 cif, ya sa masa suna Hellephant, farashinsa kusan dala dubu 30.

Akwai kuma masu tsaka-tsaki, waɗanda ke son tsohon injinsu da ƙararsa. Su kafireto kawai suke cirewa, su ɗora na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, irin Sniper ta kamfanin Holley, wadda aka ƙera ta yi kama da kafireto har ta ɓuya a ƙarƙashin murfin iska. Mota ta tashi bugu ɗaya da sanyin safiya, ba sai an yi ta lallashinta da totur ba.

Ƙarfi ba shi ne aikin ba

Sa ƙarfin doki 600 a bodin da aka ƙera don 250 neman fitina ne. Bodin yana murɗewa, ƙofofi su daina rufuwa daidai, fenti ya tsage a kusurwar rufi. Saboda haka gini na gaskiya daga ƙasa yake tashi.

Kamfanoni irin su Art Morrison a jihar Washington da Roadster Shop a Illinois suna ƙera sabon shasi sukutum, da ƙafafunsa da sitiyarinsa, a ɗora tsohon bodi a kai. Detroit Speed a North Carolina yana sayar da sabon gaba na Camaro da ake ɗaurewa a ramukan asali, da kuma kwandunan taya masu faɗi don bayan mota ya ɗauki babbar taya ba tare da ta leƙo waje ba. Safirin mai falle yana tafiya, a sa mai naɗi wanda ake iya sassautawa ko ɗaurewa. Birkin ganga yana tafiya, a sa faifai mai faɗin inci 13 ko 14 daga Wilwood ko Baer. Wannan ne ma dalilin manyan ƙafafun da ake gani a jikin motocin, inci 18 ko 19 a maimakon 14 ko 15. Ba ado ne kaɗai ba, birkin ba zai shiga cikin ƙaramar ƙafa ba. Kodayake wasu suna wuce gona da iri, su sa inci 22, mota ta koma kamar yaro ya saka takalmin babansa.

Giya ita ce ke mayar da motar ta doguwar tafiya. Tremec mai biyar ko shida, ko sabuwar mai canza kanta mai shida zuwa goma, tana sauko da juyin inji zuwa wajen 2,000 a babbar hanya. Hayaniya ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ma ya ragu.

Wannan salon yana da tarihinsa. A ƙarshen shekarun 1980 wata jar Camaro ta 1969 da ake kira Big Red ta riƙa zarce kilomita 300 a awa a tseren buɗaɗɗiyar hanya a Nevada, ta nuna cewa tsohon bodi zai iya. Daga baya Mark Stielow, injiniya a General Motors, ya yi suna da jerin Camaro ɗin da yake ginawa a lokacin hutunsa, masu gudu da kwana da tsayawa, waɗanda kuma ake tuƙawa daga jiha zuwa jiha. Salon ya samu sunan Pro-Touring, kuma daga gare shi yawancin kayan da ake sayarwa yau suka samo asali.

Sanyi da shiru

Abin da ke sa matar mai mota ta yarda ta shiga, ba ya cikin ɗakin inji. Kamfanin Vintage Air na San Antonio a Texas, wanda ke wannan sana'ar tun 1976, yana yin iyakwandishan da ke ɓuya a bayan dashbod, ana kunna shi da maɓallan asali na motar. Ana shimfiɗa tabarmar roba da alminiyam a daɓe da ƙofofi da rufi don tare zafi da ƙara. Wayoyin da suka shekara 50, waɗanda robarsu ta bushe tana karyewa, ana zubar da su duka, don suna iya tayar da gobara. Agogunan dashbod sababbi ne masu fuskar da. Rediyon yana da kamannin na 1969 amma da wayar hannu yake magana. Kujerun suna da abin tare kai da bel mai ratsa ƙirji, an lulluɓe su da fata an yi musu ɗinkin wancan zamanin.

Ko bayan an gama, ba a gama ba. Motar da aka haɗa daga kayan kamfani goma sha wani abu sai ta yi ɗaruruwan kilomita ana saurarenta. Wata jijjiga da ke zuwa a gudun kilomita 110 ta ɓace a 120, galibi kusurwar sandar da ke kai ƙarfi baya ce ta kauce da digiri ɗaya ko biyu. Wani gunji na salansa da ke cika kunne a babbar hanya. Taya tana gugar bodi idan an ɗauki mutum a baya. Garejin da ya miƙa makulli ba tare da wannan gwajin ba, ya miƙa rabin aiki.

Nawa ne?

Gini na ƙwararru yana cin awa 1,000 zuwa 2,000, kuma kuɗin aiki a garejin kirki yana kai dala 100 ko fiye a awa. A haɗa da shasi da inji da fenti da ɗinki, ba wuya an haura dala dubu 150, kafin a sa kuɗin motar kanta. Manyan masu suna, irin 'yan'uwan nan biyu Mike da Jim Ring na kamfanin Ringbrothers a ƙaramin garin Spring Green na Wisconsin, suna zuba dubban awanni a mota guda, suna sassaƙa hannun ƙofa da maƙalar bonet daga dunƙulen alminiyam. Irin nasu ana maganar rabin miliyan ne zuwa sama. Mai yi da hannunsa a gida yana kashe ƙasa da haka nesa ba kusa ba, amma da shekaru yake biya, kuma shafukan talla cike suke da motocin da aka wargaza aka kasa haɗawa, ana sayar da su da kwalayen kayansu.

Masu biyan kuɗin yawanci 'yan zamanin ne, waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964. Sun tara abin hannu, gwiwa da baya kuma sun fara ƙorafi. Bayansu akwai matasan da ba su ga zamanin ba, a fim suka gan shi: baƙar Charger ta 1970 a Fast and Furious na 2001, ko Mustang ta 1967 da ake kira Eleanor a fim ɗin Gone in 60 Seconds na 2000. Su ba su da wata alaƙa da kafireto da za su yi kewarsa.

A gwanjon Barrett-Jackson da ake yi kowane Janairu a Scottsdale, ya zama ruwan dare restomod mai kyau ta fi 'yar'uwarta da aka mayar yadda take a da tsada, idan dai samfurin ba mai wuyar samu ba ne. Amma da wuya ta mayar da abin da aka kashe mata. Mai cin riba shi ne mai saye na biyu. Ga kuma yayi, wanda ba ya jiran kowa. Motocin da aka gyara a shekarun 1990, masu launin shuɗi-shuɗi da ruwan hoda da kujerun yadi, a lokacin su ne abin yayi, yau kuwa ana sayensu ne a sake tuɓe su.

Masu cewa ɓarna ce

A ɗaya gefen akwai masu riƙon asali. A wurinsu darajar mota tana cikin lambobinta: lambar da ke jikin inji da giya ta dace da ta bodi, shaidar cewa tare suka fito daga masana'anta. Masu Ford suna neman takardar Marti, wadda ke fayyace yadda aka ƙera kowace mota daga kundin kamfanin. Masu Dodge da Plymouth suna laluben takardar masana'anta da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujera. Wasu har alamar alli da feshin fentin da ya kauce a masana'anta suke sake yi, don mota ta koma daidai da ranar da ta fito.

Hujjarsu mai ƙarfi ce: ba a ƙara yin waɗannan motocin, duk wadda aka yanka ta tafi. Kasuwa ma tana bayansu a saman tsani. Barracuda ta 1971 mai injin Hemi da buɗaɗɗen rufi, wadda ba a ƙera ko 15 ba, an sayar da guda a kan dala miliyan 3.5 a 2014. Koriyar Mustang da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 ta tashi a kan sama da dala miliyan 3.7 a gwanjon Mecum a Janairun 2020, da tsatsarta da lotsewarta.

Sai dai rigimar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ba mai hankalin da zai yanka Camaro ZL1 ta 1969, wadda 69 kacal aka yi. Amma Camaro ta wannan shekarar gaba ɗaya an ƙera sama da dubu 240, da yawansu masu ƙaramin inji ne na zuwa aiki. Bodin da ya shekara 30 a bayan rumbu, injinsa na asali ya daɗe da ɓata, kuɗin mayar da shi yadda yake ya fi abin da zai yi a kasuwa. Ba don masu restomod ba, da yawa irinsa awon kilo za su ƙare.

Doka da haɗari

Abin da kuɗi bai iya saya ba shi ne kariyar motar zamani. A 2009 cibiyar gwajin haɗari ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da kaurin ƙarfen da ake yabo, ta murƙushe har cikin ɗakin direba, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. Motocin shekarun 1960 sun ɗan fi ta 1959, amma ba su da balan-balan ɗin kariya, ba a kuma ƙera gabansu ya shanye duka ba. Mustang ta farko ma saman tankin manta shi ne daɓen but. Restomod tana rage yiwuwar haɗari da birki da taya masu kyau. Idan ya auku kuwa, mutum a cikin motar 1969 yake.

Yawancinsu kuma ba su da kwamfutar da ke hana taya zamewa. A watan Satumban 2019 ɗan wasan barkwanci Kevin Hart ya samu karaya a ƙashin baya lokacin da Barracuda ɗinsa ta 1970, mai sabon inji na sama da ƙarfin doki 700, ta kauce hanya kusa da Los Angeles. Ba shi ke tuƙi ba. Binciken 'yan sanda ya ce an taka totur ne farat ɗaya motar ta ƙwace.

Ta fuskar hayaƙi doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. California, wadda ta fi kowa tsanani, ba ta gwada hayaƙin motocin 1975 zuwa baya, abin da ya sa duk zamanin masu ƙwanji ya tsira.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta lamba. Kamfanin Dynacorn yana sayar da sabon bodin Camaro da Mustang sukutum, da izinin masu su. Revology a birnin Orlando yana haɗa Mustang ta shekarun 1960 sabuwa fil, a farashin da ya haura dala dubu 200, kuma wata dokar 2015 ta buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofar ƙera irin waɗannan kwafin har 325 a shekara. To idan an sauya bodi, an sauya shasi, an sauya inji, me ya rage na 1969? Wani lokaci ɗan ƙaramin ƙarfen da ke ɗauke da lambar mota ne kawai, kuma cire shi daga wannan bodin a manna a wancan abu ne da kan kai mutum gaban alƙali.

Masu garejin da suka san aikinsu sun samo wa kansu mafita tsakanin masu restomod da masu riƙon asali. Idan mota ta zo da injinta na asali, ba sa jefar da shi. Suna tsiyaye man, su zuba sabo a kowace silinda, su toshe ramukan, su naɗe shi da leda a ɗaure a kan katako, tare da giyar da kafireton da tsofaffin kujerun. Ana rubuta lambar motar a jiki da baƙin alƙalami, a tura shi lungun gareji. Ranar da za a sayar da motar, da shi za a loda.